Kafin ki rubuta "maleriya da taifot": amsa ga ɗalibar da za ta fara duba marasa lafiya

Tambaya: Likita, ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya. Jarrabawa ta matso, bayanta kuma mai yiwuwa a tura ni ƙaramin asibiti a ƙauye inda babu likita. Na haddace cututtuka da alamominsu, amma da zarar an kawo mara lafiya gabana sai komai ya cakuɗe mini, domin kusan kowace cuta da zazzaɓi da ciwon kai take farawa. Me ya kamata in riƙe?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya sa jama'a su amfana da ke. Wannan ruɗewar da kike ji kowane ma'aikacin lafiya ya bi ta cikinta. Littafi yakan fara da sunan cuta sannan ya jero alamominta a ƙasa, shi kuwa mara lafiya alamomin kaɗai yake shigowa da su, sunan ke ce za ki nemo shi. Don haka ki juya bitarki. Ki riƙa tambayar kanki haka: ga yaro ɗan shekara biyu da zazzaɓin kwana uku, me zan fara dubawa, me zai biyo baya, kuma me zan gani in san cewa wannan ya fi ƙarfin inda nake? Masu shirya jarrabawa ma a kan wannan tsari suke gina yawancin tambayoyinsu.

Tun kafin sunan wata cuta ya zo miki a rai, ki fara tantance ko wanda ke gabanki yana cikin haɗarin rasa ransa yau. Rai a hannun Allah yake, amma an ɗora mana mu gane wanda ba zai iya jiran layi ba. Ga yaron da bai kai shekara 5 ba, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ware manyan alamomin haɗari: ya kasa kama nono ko shan ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ya yi jijjiga a cikin wannan ciwon, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai ko an taɓa shi. Guda ɗaya ta isa a tura shi babban asibiti. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, ko zafin jikinsa ya kai digiri 37.5 ko ya sauka ƙasa da 35.5, kada ki ce bari mu gani zuwa gobe.

Sai numfashi, kuma a nan nake so ki fi daɗewa, domin ciwon huhu yana cikin cututtukan da suka fi kashe ƙananan yara, ana kuma yawan yi masa maganin maleriya a sallame shi. Ki bar yaron a cinyar uwarsa, kada ki karɓe shi, kada ki fara sa masa ma'aunin zafi a hammata har ya fashe da kuka. Ki ce mata, "Mama, ɗaga mini rigarsa." Ki kafa ido a wuri ɗaya tsakanin ƙirji da ciki, ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogo. Ƙirga rabin minti a ninka yakan yaudari mutum, saboda numfashin jarirai yana sauri yana tsayawa. Idan bai kai wata 2 ba, 60 zuwa sama sauri ne. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Waɗannan lambobi uku ki haddace su har ki iya faɗarsu cikin barci. Sannan ki kalli ƙasan haƙarƙarinsa lokacin da yake jan iska ciki. A lafiyayyen yaro ƙirji da ciki tare suke tasowa. Idan ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki a duk jan numfashi alhali yaron yana kwance shiru, huhun yana wahala. Idan kuma ya haɗa da nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko hanci na buɗewa yana rufewa, ko na'urar yatsa ta nuna iskar jini ƙasa da kashi 90, wannan iskar oksijin yake nema, ba sirof ba. Mai saurin numfashi kawai ba tare da alamar haɗari ba, amoksisilin na narkawa a ruwa ya wadatar, da sharaɗin a dawo da shi ki sake ƙirgawa.

Yanzu zazzaɓin kansa. Najeriya kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duk duniya, don haka ba laifi ba ne ki fara zarginsa, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Laifin shi ne ki ba da magani ba gwaji. Gwajin gaggawa na ɗigon jini a yatsa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Idan ya nuna babu, ki yarda da shi ki ci gaba da neman dalilin zazzaɓin: kunne, maƙogwaro, huhu, fitsari, ƙurji a fata. Idan ya nuna akwai, ki ba da Coartem ko makamancinsa sau shida cikin kwana uku, a sha da nono ko abinci mai maiƙo domin ya shiga jiki sosai. Kulorokwin tun 2005 aka sauke shi daga matsayin maganin farko a Najeriya saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, ko da yake har yanzu za ki tarar da shi a wasu kemis.

Amma ga abin da ɗalibai suka fi mantawa. Gwajin ya nuna akwai maleriya ba yana nufin an rufe magana ba. Sinadarin da gwajin ke kamawa yana iya zama a jini makonni bayan an warke, kuma a garuruwanmu yara da yawa suna yawo da ƙwayar a jininsu ba tare da ta kwantar da su ba. Yaro zai iya samun layi biyu a gwaji, wato alamar akwai maleriya, alhali abin da ke neman ransa ciwon huhu ne ko sanƙarau. Shi ya sa na fara miki da numfashi kafin gwaji.

Maganar taifot kuwa tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk baligin da ya yi zazzaɓin kwana biyu, sai ya dawo daga ɗakin gwaji da takarda an rubuta masa "maleriya da taifot", ya sayi magungunan kashe ƙwayoyin cuta na dubban nairori. Gwajin Widal da ake dogaro da shi tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin garkuwar jiki yake aunawa. Mutumin da ya taɓa haɗuwa da ƙwayar shekarun baya, ko aka yi masa rigakafi, ko ma maleriya ce ke damunsa, gwajin zai iya nuna masa lamba mai yawa. A inda ruwan sha ba shi da tsabta, lafiyayyu da yawa haka nasu zai nuna. Abin da ke tabbatar da taifot shi ne gwajin da ake ajiye jini kwanaki har ƙwayar ta tsiro, wanda ma'aikata ke kira kalca, kuma ba za ki same shi a ƙauye ba. To sai ki koma ga labarin ciwon. Taifot na gaskiya a hankali yake hawa, zafin yau ya fi na jiya, ya wuce mako bai sauka ba, maganin maleriya bai taɓa shi ba. Mutum ya yi shiru ya rasa kuzari, ciki na ciwo, manya sukan yi taurin bayan gida, yara kuma gudawa, wani lokaci bugun zuciya bai kai saurin da zafin jikin ya kamata ya jawo ba. Abin tsoron yana zuwa wajen mako na uku, lokacin da hanji ke iya hujewa. Ciwon ciki ya tsananta farat ɗaya, cikin ya kumbura ya yi tauri, mara lafiya ba ya yarda ki taɓa shi, ba ya son ko motsi. Wannan aikin tiyata ne. Kada a ba shi komai ta baki, ki sa masa ƙarin ruwa, a nemi mota nan take. Ɓarnar rubuta taifot barkatai biyu ce: ƙwayoyin cuta suna sabawa da magunguna, kuma ainihin ciwon mutumin, wataƙila tarin fuka ne ko ciwon ƙoda, yana can yana ci ba wanda ya neme shi.

Duk mai zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ki kwantar da shi rigingine ba matashi, ki sa tafin hannunki a ƙeyarsa, ki ɗago kan a hankali kamar za ki kai haɓarsa ƙirji. Lafiyayyen wuya yana lanƙwasuwa ba gardama. Mai sanƙarau wuyan zai ƙi, ya yamutsa fuska, wani lokaci ki ga gwiwoyinsa sun naɗe da kansu. Ga jaririn da bai kai shekara ba, wuyan na iya zama lafiya lau alhali cutar na nan, don haka ki zaunar da shi, ki jira ya yi shiru, ki shafa maɗigarsa. Idan ta tasa ta yi tauri, ga kuka mai tsini, ga ƙin nono, ki ɗauka sanƙarau ne. Arewacin Najeriya da Nijar da Chadi duk suna cikin zirin da cutar ke addaba daga Senegal zuwa Habasha, lokacinta kuma daga hunturu zuwa bazara ne, har ruwan farko ya sauka. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya kusa kawar da nau'in da ya yi wannan ɓarna, sai wani nau'in ya taso a Yamai a 2015, sannan Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da ya haɗa nau'i biyar. Na kawo miki wannan tarihi ne don kada uwa ta ce "ai an yi masa allurar sanƙarau" ki saki jiki.

Yaron da aka kawo a sume da zazzaɓi, a ƙaramin asibiti ba ki da hanyar raba maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa da sanƙarau. Kada ki ɓata lokaci wajen zaɓe. Ki ba shi allurar farko ta atesunet saboda maleriya da ta seftiriyakzon saboda sanƙarau, ki auna sukarin jininsa domin yakan faɗi ƙasa warwas a irin wannan hali, in ba na'ura ki jiƙa ɗan sukari ki sa masa ƙarƙashin harshe, ki kwantar da shi ta gefe, a tafi. In yana jijjiga ki hana a cusa masa cokali a baki ko a ɗura masa wani jiƙo, domin huhu zai tafi.

Ki saba da buɗe bakin kowane yaro mai zazzaɓi da tocila. Ƙyanda tana fara nuna kanta da tari, majina da jan ido, da wasu ƙananan fararen ɗigo a cikin kumatu kafin ƙurajen su fito daga bayan kunne su gangaro jiki. Kowane mai ƙyanda a ba shi bitamin A kwana biyu a jere, yana kare ido yana rage mutuwa. Mashaƙo kuma, wadda da yawa daga cikinmu a littafi kawai muka san ta, ta dawo da ƙarfi a Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022 saboda yaran da ba su samu allurar rigakafin jarirai ta mako 6 da 10 da 14 ba. Za ki ga wata fata mai ruwan toka ta manne a maƙogwaro, wuya ya kumbura, murya ta dushe. Kada ki kankare ta, jini za ta yi, kuma ki roƙi iyaye kada su kai shi wurin wanzami a cire belu. A ware shi, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Haka nan zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta a lokacin rani, ga ciwon maƙogwaro da kumburin fuska, musamman daga ɓangaren Bauchi da Taraba, ki tuna da zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969. Kada ki jira sai kin ga jini, domin kaɗan ne daga masu cutar ke zubar da shi, kuma a ƙarshe yake zuwa. Ki sa safar hannu. Ma'aikatan lafiya da dama sun rasa rayukansu ta wannan hanya.

Tafin hannu yana ba da labari mai yawa. Ki buɗe na yaron a hankali ba tare da kin miƙe yatsun da ƙarfi ba, ki ajiye shi kusa da naki a wurin haske. Idan ya yi fari fat, ga haki, jininsa ya yi ƙasa sosai kuma zuciya ta fara gajiya. Iyaye za su matsa miki, "Malama, a sa masa ruwa mana." Ki daure ki ƙi. Ƙarin ruwa ga irin wannan yaro yana iya cika masa huhu, ƙarin jini yake bukata. Idan jariri ɗan wata shida zuwa sama yana kumburin bayan hannu da ƙafa mai zafi, ga idanu sun ɗan yi rawaya, ki nemi a yi gwajin sikila, kuma ki sani zazzaɓi a jikin mai sikila kullum abin gaggawa ne. Shawarar da ta bayyana a jariri cikin awa 24 na farko bayan haihuwa, ko wadda ta kai tafin hannu da ƙafa, tana iya lalata ƙwaƙwalwa. Shanya shi a rana ba ya wadatarwa, kuma a cire kafur daga cikin kayansa.

Gudawa ba sai na tsawaita ba, kin san ta. Ki tsunkuli fatar ciki tsakanin cibiya da gefe ki saki, in ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba, ga idanu sun zurma, ruwan jiki ya ƙare sosai. Irin wannan ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata. Ga gudawar da ba ta kai haka ba, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14 su ne magani, ko da kaka ta ce haƙori ne ke fitowa. Baligi mai gudawa fara tsululu mai kama da ruwan wankin shinkafa, kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ki riƙa auna damtsen duk yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa daƙiƙa 3, in rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne ko da iyaye suna ganin ƙiba ya yi.

Manya su da sunan ciwonsu suke zuwa: olsa, basir, sanyi. Ki saurare su da ladabi, sannan ki yi naki binciken. Ki auna jinin kowane baligi ko da ciwon yatsa ya kawo shi, domin hawan jini ba ya sallama, sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce alamarsa ta farko. Awo 140 bisa 90 zuwa sama a ranaku daban-daban, bayan mutum ya zauna ya huta, shi ne ma'auni. Dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari da ya ce olsarsa ta tashi, ga gumi, ga nauyi a ƙirji yana tafiya kafaɗa ko muƙamuƙi, zuciyarsa ce abin zargi. Wanda ya haura shekara 40 yana ganin jini a bayan gida yana ramewa, kada a yi ta ba shi maganin basir ba a duba ba, ciwon dajin hanji haka yake ɓuya. Yawan ƙishirwa, tashi fitsari sau da yawa cikin dare, gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, a auna sukari: in ya kai 7.0 mmol/L kafin karyawa, ko 11.1 a kowane lokaci tare da alamomi, ciwon sukari ne. Tarin da ya kai mako biyu, da gumin dare da rama, a tura kaki gwajin GeneXpert, mai gano tarin fuka. Maganin tarin fuka wata shida ne kuma kyauta ake ba da shi.

Mata masu ciki da masu jego ina roƙon ki ba su kulawa ta musamman. Mai cikin da ya wuce mako 20 da ta zo da ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko zafi a saman ciki, kada ki karɓi maganar olsa daga bakinta sai kin auna jininta kin duba furotin a fitsarinta. Waɗannan su ne masu share fagen jijjigar masu ciki, kuma allurar maganeziyam salfet kafin a tura ta tana ceton rai. Maijego kuma da ta zo cikin watannin farko bayan haihuwa da kumburin ƙafa, haki, da tarin da ke hana ta kwanciya sai ta jingina, ki yi tunanin gazawar zuciya. Wannan ciwo ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da yawancin sassan duniya. Likitoci a Zariya sun yi bayaninsa tun shekarun 1970 suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kunun kanwa, binciken da aka yi daga baya a Kano kuma ya nuna talauci, rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki suna da hannu sosai. Ko ma mene ne musabbabin, a dakatar da kanwa da gishiri mai yawa, kada a sa mata ƙarin ruwa, a kai ta inda za a duba zuciyar.

Idan za ki tura mara lafiya, ki yi wa dangi bayani a fili da harshen da za su gane, domin da yawa suna komawa gida ne neman kuɗin mota har gari ya waye. Ki faɗa wa maigidan kai tsaye, "Baba, daren nan za a tafi da shi." A takardar kuma ki rubuta abin da idonki ya gani da lambobinsa: zafin jiki, numfashi a minti, awon jini, sakamakon gwaji, nauyin yaro, da sunan kowace allura da adadinta da ƙarfen da kika yi ta. Atesunet miligiram 3 ne a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai, ana kuma maimaita ta bayan awa 12 da awa 24, don haka likitan da zai karɓe shi yana bukatar sanin daidai lokacin da kika yi ta farko.